Isyaku Mai Harbin Wata

Waɗanda suka zo Challawa neman aiki bayan an kafa masana'antu, a maigadi suka san Isyaku. Dogon dattijo ne mai ɗan ranƙwafawa, yana zama a kan benci a ƙofar wani kamfanin jima, da gora jingine a kafaɗarsa. Da safe ya buɗe ƙofa ma'aikata su shige, da yamma ya miƙa makulli ga Buzun da ke kwana a wurin, ya kama hanyar gida. Ba ya shiga hirar masu shayi. In an gaishe shi ya amsa, in ba a gaishe shi ba ya bi mutum da ido har ya wuce.

Mu da muka tashi tare da shi a unguwarmu, can bayan Panshekara ta wajen gulbi, da wani suna muka san shi. Mai Wata muke ce masa.

Gidansu gidan maharba ne. Bindigar da ya gada ta kakansa ce, bindigar toka irin wadda ake ɗurawa ta baki, doguwa har tana kai masa haɓa. Ƙotarta ta taɓa tsagewa, aka naɗe wurin da fatar damo. A hannun mahaifinsa ta kashe gada da barewa. A hannunsa zabi da zomo ta samu, su ma ba kullum ba.

Amma tana da wani aiki da ya fi farauta. Tun kafin a haife mu, ranar duban watan azumi ko na sallah, jama'a kan hau tudun da ke bakin gulbi, a yi magariba a can, a zuba wa yamma ido. In mutum biyu amintattu suka ga jinjirin wata, liman ya gamsu, sai dagaci ya juya wajen mai bindiga. A zamaninmu cewa yake yi, "Isyaku, gaya musu." Shi kuma ya ɗaga bakin bindiga sama ya saki. Albarushi ne da tsumma kawai, ba a sa harsashi. Ƙarar sai ta bi ruwa ta ƙetare zuwa 'Yan Marke, wani ƙauye da ke cikin kwari a tsallake, inda itatuwa suka tare musu yamma. Su ma suna da tasu bindigar. In sun ji sai su amsa da harbi ɗaya, wato saƙo ya iso. Isyaku ba ya sauka daga tudu sai ya ji amsa.

Mai amsawar Labaran ne, ɗan goggonsa. Taubasai ne, don haka ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Isyaku na kiransa Kurma, wai kullum sai ya makara wajen amsawa. Labaran na kiransa Makaho, wai bai taɓa ganin wata da idonsa ba sai an kama kansa an nuna masa.

"Bara har na fara gyangyaɗi a tudu kafin ka amsa," in ji Isyaku.

"To ai tsayawa na yi na tambaya, bindiga ce ko tusar jaki. Ka riƙa cika mata albarushi, rowa ba ta da kyau a watan ibada."

Haka suka yi ta yi har gemunsu ya yi fari.

Wata shekara, gero ya fara fitar da kai, sai ga wasu mutane da abin awo mai ƙafa uku. Suka bi gonaki suna kafa turakun siminti. Aka ce gwamnati ce ke son wurin. Gonar Isyaku ta shiga ciki, dajin da yake farauta ma ya shiga. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi neman wanda zai yi wa magana. Wannan ofis ya tura shi wancan, kowa ya ce ba shi ba ne, daga sama ne. Abu ɗaya da aka tabbatar masa shi ne ba za a taɓa gulbi ba. Bayan an tayar da injuna, ruwan ya riƙa sake launi, yau ja gobe baƙi, kifaye suka taso sama cikinsu a waje. Mata suka daina wanki a can.

Isyaku bai yi faɗa da kowa ba. Abin da na ji ya faɗa, rana ɗaya muna fitowa daga masallaci, shi ne: "Da En'e ce, na san ƙofar da zan je in durƙusa. Wannan gwamnatin kuwa ban san inda fuskarta take ba."

Ya karɓi gora da benci a kamfanin da aka gina a kan gonarsa. Yakan ce bencin yana daidai inda wata tsamiya take a da. Ba mu musa masa ba.

Cikin shekarun nan ne matarsa Kulu ta rasu. 'Yarsu ɗaya, Rabi, ta yi aure a Sharada, mijinta Tijjani yana aiki a masaƙa. Gida ya rage daga Isyaku sai kaji, sai bindiga a kan turaku biyu a bangon ɗakinsa. Duk Juma'a bayan an sauko yakan sauke ta, ya zauna a zaure ya goge ta da man gyaɗa. Mai wucewa kan ji kamar yana magana ƙasa-ƙasa. Ba a leƙa a ga da wa yake yi.

Lasin kuwa yana da shi tun zamanin En'e. Kowace shekara yakan kai ta wurin malamin hakimi, mutumin da ya san ubansa. Malamin ya duba, ya tambayi lafiyar zabi, ya buga hatimi, Isyaku ya dawo da abarsa a kafaɗa kafin azahar. Da aka rushe wancan tsarin, malamin ya koma gona, lasin ya tsufa a cikin akwati.

Sai aka yi tarzomar nan ta cikin birni, wadda har yanzu mutane ba sa son tunawa. Ga kuma 'yan fashi sun fara tare hanya. Ba a daɗe ba mai shelar dagaci ya zaga unguwa: duk mai bindiga, komai tsufanta, ya kai ta ofishin hukuma a duba, a ba shi sabon lasin, a mayar masa da abarsa. Wanda aka kama da ita a ɓoye, shi da ɗan fashi ɗaya ne a idon doka.

Labaran ya bi umarni. Ya naɗe tasa a tabarma ya hau mota. Da yamma ya biyo ta ƙofar kamfani da tabarmar a hammata, ta lanƙwashe don babu komai a ciki.

"Kurma, ina amaryar?" in ji Isyaku.

"Tana gidan gwamnati tana hutawa. An ce in koma."

"Yaushe?"

"An ce in koma."

"Ka ba kura ajiyar nama."

"Kai dai baƙauye ne. Mutumin ofishin har kujera ya ba ni."

Ya koma. Ya sake komawa. Wani zuwan a ce mai sa hannu ya tafi taro, wani zuwan a ce takardun ba su iso ba. Zuwan ƙarshe wani masinja ya ji tausayinsa, ya buɗe masa wani ɗaki ya ce ya leƙa. Bindigogi ne jibge kamar itacen girki, rufi yana yoyo a kansu. Labaran ya ce ya hango gindin tasa a can ƙasa, bai iya kai hannu ba. Daga ranar bai ƙara zuwa ba.

Dagacinmu na lokacin, Mamman, mutum ne mai kunya. Da kansa ya tako har zauren Isyaku. Ina wurin, don ni ne ladan kuma gidajenmu na jere. Bayan doguwar gaisuwa sai ya ce, "Malam Isyaku, na shaida wa na sama cewa babu sauran bindiga a ƙasata."

"Ranka ya daɗe, ai kun fi ni sanin ƙasarku."

Dagaci ya ɗan leƙa ta ƙofar ɗaki. A kan turakun nan biyu wata tsohuwar tabarma ce rataye.

"Tabarma ta samu wuri mai kyau," ya ce.

"Gara ce ta dame ta a ƙasa."

Dagaci ya yi addu'a, ya tashi. Bai kalli rumbun dawa da ke tsakar gida ba. Ni ma ban kalla ba.

Daga nan harbin wata ya tsaya. Dagaci ya daina hawa tudu. Mutane suka koma zagaye rediyo a teburin mai shayi, suna jiran sanarwa. Baƙin da suka cika unguwa, 'yan Gumel da Haɗeja da Damagaram da ke haya ɗaki-ɗaki, ba su ma san an taɓa yin wani abu a tudun ba. Mu uku muka rage muna hawa: liman, da ni, da Isyaku. In an ga wata, sai ya ɗan tsaya yana kallon tsallake, sannan mu sauko.

A tsakanin nan idon Labaran ya tafi. Yanar ido ce ta rufe masa shi a hankali. Da rani, gulbi ya janye, Isyaku ya ce in raka shi dubiya. Muka naɗe wando muka ratsa baƙin ruwan nan mai wari. Muka tarar da Labaran a gindin marke, ya rame, matarsa Asabe na kora masa ƙuda.

"Wa nake ji kamar Makaho?"

"Yau kuma wa ye makahon?"

"Kai mana. Ni nawa na Allah ne, naka na gado ne."

Suka yi dariya har Labaran ya sarƙe da tari. Da ya lafa sai Asabe ta ce, "Malam Isyaku, ku yi masa magana. Bara ranar sallah da azumi ya wuni. Kowa na cin tuwo, shi ya ƙi ko ruwa. Limaminmu ya ce masa haramun ne, ya yi ta kuka kamar yaro, amma bai sha ba."

"Rediyo ta ce an ga wata," in ji Labaran. "Wa ya gani? A ina ya tsaya? Ɗan wa ye? Da aka ce a kai bindiga za a mayar, ba a cikin akwatin nan aka faɗa ba?"

"Ai wannan daban, wancan daban," na ce masa. "Masu sanarwar wata malamai ne."

"Na ji, ladan. Zuciyar ce ba ta ji ba."

Ya lalubo hannun Isyaku ya riƙe. "Bana ka gaya mini da bakinka."

"Da wane bakin? Gulbi zai kawo, murya ba ta ƙetarewa."

"Ka san bakin da nake nufi."

Isyaku bai ce to ba, bai ce a'a ba. Muka yi sallama muka kamo hanyar gida.

Azumin shekarar ya faɗo cikin damina. Gulbi ya cika ya tumbatsa, gada kuma tana da nisa, ga Isyaku ba ya barin bencinsa sai rana ta yi sanyi. Labari ya zo ta bakin masu kai nono cewa Labaran yana azumin duk da an ce masa ya ciyar, kuma jikin ya ƙara yin ƙasa.

Ana cikin goman ƙarshe Rabi da mijinta suka kawo masa kayan buɗa-baki. Tijjani yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce, "Baba, a wajen aikinmu an kama wani da irin abin nan. Har yau iyalinsa ba su gan shi ba. Da kun bari na zo da yamma na jefa ta gulbi, kowa ya huta."

"Wace aba?"

"Baba," in ji Rabi, "ni fa a gidan nan na tashi. Dawar rumbun nan ba ta ƙarewa ne?"

"Albarka ce."

"Ku dawo Sharada mana. Ga ɗaki nan."

"In na tafi wa zai ba kaji ruwa?"

Ta share ido da bakin mayafi, suka tafi.

Ranar duban wata hadari ya haɗu tun la'asar. Ni da liman muka hau tudu ba tare da sa rai ba. Can sai ga Isyaku yana hawowa da dogon damin kara a kafaɗa. Ba wanda ya tambaye shi me mutum zai yi da kara a kan tudu da damina. Muka sha ruwa, muka ci dabino, muka yi magariba. Muna sallamewa gajimare ya tsage ta yamma kamar an yaga ƙyalle, sai ga shi siriri, ƙasa-ƙasa, daidai saman bututun hayaƙin wani kamfani. Liman ya gani. Na gani. Isyaku ma, karon nan, ba a nuna masa ba.

"Sai a aika wa dagaci ya kai labari gaba," in ji liman.

Isyaku yana tsaye kusa da daminsa. Jira yake a ce masa abin da aka saba cewa, amma mai ikon faɗar ba ya nan. Liman ya dubi yatsun ƙafarsa. Can ya ce, "Ni dai na gani. Ladan ma ya gani." Ya ɗauki buzun sallarsa ya fara gangarawa, bai waiwayo ba.

Isyaku ya kwance damin. Ya zuba albarushi daga ƙahon da yake ajiye shi, ya ƙara kaɗan a kan yadda ya saba, ya danna tsumma. Ya yi bisimilla, ya ɗaga ta sama ya saki.

Ashe na manta yadda ƙararta take. Tsuntsaye suka tashi daga bakin ruwa gaba ɗaya.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne mutanen da ke ƙasa. Ma'aikatan yamma suna zaune a gindin katangar kamfanoni suna buɗa-baki. Ba su san harbin wata ba, harbin da suka sani na tarzoma ne. Suka watse, kunu ya zube, masu ƙosai suka bar kasko a wuta. Wani ya ruga ya kunna jiniyar kamfani, na kusa da shi ma ya kunna tasa. Kukan ya cika ko'ina, ya daɗe bai tsaya ba.

Isyaku bai dubi wajen ba. Ya juya tsallake, ya sa tafin hannu a bayan kunne. Ya san Labaran ba shi da abin amsawa, amma haka ya tsaya. Da jiniyar ta yi shiru babu abin da ake ji sai ruwa da kwaɗi. Lokacin kiran lisha ya yi, dole na sauka na bar shi.

Washegari aka yi sallah, rediyo ma ta faɗa. Muna dawowa daga idi muka ga mota a ƙofar gidansa. Wani saje ne da ɗan sanda ɗaya, da dagaci a gefe yana kallon ƙasa. Ba su sha wahalar nema ba. Isyaku na zaune a zaure cikin rigar sallah, bindigar na kan cinyarsa, ya goge ta tas, ya naɗe ta da wani zanen Kulu.

Sajen, Garba sunansa, ba yaro ba ne. Ya tsuguna ya yi barka da sallah, ya karɓa da hannu biyu, ya shinshina bakinta.

"Babu harsashi, Baba?"

"Ta manta ɗanɗanonsa."

"A garinmu ma haka ake yi. A da." Ya miƙe tsaye. "Amma kun ji abin da ya faru jiya. Wata mai ƙosai ta ƙone a ƙafa. Ba ni da yadda zan yi."

Isyaku ya sunkuyar da kai. "Wannan kam alhakina ne. A nuna mini gidanta in na dawo." Sannan ya ce, "Kada a ajiye ta a ƙasa, saboda gara. Ran Juma'a a shafa mata man gyaɗa. Kaɗan ya isa."

"To, Baba. In an gama bincike za a duba yiwuwar mayar muku."

"Haka aka ce wa Labaran."

Sajen ya yi gaba. Ya buɗe masa gaban mota.

Ya yi kwanaki a can kafin dagaci da Tijjani su yi belinsa. Dagaci bai taɓa tayar masa da maganar ba, shi ma bai ba da haƙuri ba, sai dai gaisuwarsu ta gajarce. Kamfani kuwa ya riga ya sa wani a bencin. Isyaku ya je ya duba mai ƙosai, ya kai mata kaza.

Kafin ruwa ya janye aka aiko cewa Labaran ya rasu. Muka zagaya ta gada muka je gaisuwa. Da mutane suka ragu Asabe ta sa aka kira Isyaku bakin ƙofa, ina tsaye a bayansa.

"Ya ji," ta ce. "Yana kwance ya ji. Ya miƙe da kansa, ya lalubi bango inda tasa take a da. Da bai samu komai ba sai ya rarrafa tsakar gida, ya ɗauki taɓarya ya yi ta dukan garwar ruwa har ta lotse. Mun ce ya bari, ya ƙi. Da safe ya ce a kawo masa tuwo, ya ci har da ƙari."

Ta gyara mayafi ta ci gaba.

"Ya bar muku saƙo. Ya ce a gaya wa Makaho ya amsa. In bai ji ba, to shi ne kurman."

Isyaku ya daɗe yana kallon garwar, tana nan jingine da danga. Sannan ya ce, "Kullum sai ya makara." Ya juya ya nemi takalmansa.

Bai koma Sharada ba, duk yadda Rabi ta yi. Bai kuma je neman bindigar ba ko sau ɗaya. Ya sauke tabarmar nan daga bango, ya bar turakun haka nan. Ran Juma'a bayan an sauko yakan zauna a zaure kamar da, hannuwansa a kan gwiwa.

Liman ya tsufa ya daina hawa tudu. Aka ja wata katanga ta cinye rabinsa. Ni da Isyaku muka ci gaba da zuwa ragowar, har shekarar da ƙafa ta hana shi. In muka ga wata ba ya daɗewa yana kallonsa. Sai ya juya wajen 'Yan Marke, ya sa hannu a bayan kunne. Ni kuma in jira shi, har ya gama.